Rana Na Kwasar Nata, Mu Kuma Muna Zubarwa

Jama'a, yau da Azahar na ga abin da ya tsaya min a rai. A wani masallaci a unguwar Jekadafari da ke Gombe, wani bawan Allah ya buɗe famfo ya bar shi yana kwarara, yana alwala yana hira da na kusa da shi. Ruwa ya malale kan siminti. Kafin a sallame sallah wurin ya bushe ƙarau.

Ina ruwan ya tafi? Zafin rana ne ya ɗauke shi. Ba sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba. Duk inda yake a buɗe, na samansa yana ta tashi cikin iska kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. In rana ta take, iska ta bushe tana kaɗawa, bakin mazubi kuma yana da faɗi, sai ƙafewar ta yi sauri. Shi ya sa shanya ke bushewa nan da nan da hunturu, amma a watan Agusta kaya su kwana a igiya da danshinsu.

Wallahi akwai rahama a cikin wannan tsari. Gumin da ke bushewa a jikinka, da zafin jikin yake tafiya. Randar ƙasa ma haka take sanyaya ruwa: tana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Allah Ya ba talaka ruwan sanyi ba tare da wutar lantarki ba.

To amma ku tuna madatsar Dadin Kowa, inda ruwan famfon Gombe ke fitowa. Shimfiɗe take a fili, babu murfi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kullum rana na kwasar rabonta. Abin da ya rage shi ake tacewa a turo mana. Shi ne kuma za mu saki a ƙasa?

Haba 'yan uwa! Tankin gida ya cika yana ambaliya, maigida na kwance yana jin ƙararsa. An tara ruwa a baho an bar shi tsakar gida tun safe. Yaro ya wanke babur da tiyo, layi ya zama fadama. A daidai lokacin nan wata baiwar Allah na ƙirga canjin cefane ko zai kai ta sayi jarka biyu wurin ɗan garuwa. Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, mu buta cike ba ta isar mu.

Wani zai ce ai tururin ya tafi sama ne, zai dawo ruwan sama. Zai dawo, amma ba lallai a kanka ba, ba kuma yau ba. Daminarmu iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika ce ke kawo ta, kuma daga Nuwamba har zuwa wajen Afrilu sama a bushe take.

Don Allah mu ji tsoron Allah. Hajiya, ki rufe randa da durom, ki ja su inuwa. Mai shuka ya yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Malam, tari ruwan alwalarka a buta, ka kashe famfon. In ka ga na masallacinku na ɗiga, kada ka jira kwamiti, kira mai gyara yau.