A riƙa duba wuyan waɗanda aka yi wa gashin kansa!

Kun dai san halin da Kawu ya shiga a makon nan, kuma har yanzu raina bai huce ba. Shekara 8 yana zuwa asibiti bayan gashin kansar maƙogwaro (wato ƙona kansar da hasken na'ura), a leƙa maƙoshi a ce ba ta dawo ba, ya tafi gida. Ba wanda ya taɓa ɗora masa na'urar sikanin a wuya. Sai da idonsa na hagu ya daina gani na 'yan mintoci, hannun dama ya saki, sannan aka gano jijiyar karotid, mai kai jini ƙwaƙwalwa, ta kusa toshewa.

Wannan fa ba ɓoyayyen abu ba ne a wurin likitoci. Gashin da ake yi wa wuya na mako 6 zuwa 7 yana taɓa bangon jijiyar, ta yi tabo, ta yi kauri, kitse ya taru, hanya ta riƙa tsukewa a hankali. Ba ta ciwo, shiru take yi har shekaru, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. To me ya hana a duba?

Masu cewa da ma bai yarda an gasa shi ba, don Allah ku bar zancen nan. Gashin ne sanadin da ya kai yau. Masu cewa ai tsufa ne, na ji, amma duk da haka a duba. Sikanin ne kawai, ba allura, ba yanka.

Idan an gano da wuri akwai abin yi: asfirin, maganin rage kitse, a kama hawan jini, a yar da sigari. Idan ta tsuke sosai, aiki ya yi wuya, domin wuyan da aka gasa ya daskare da tabo, ciwo ba ya saurin warkewa, kuma wuƙa na iya taɓa jijiyoyin murya da haɗiya. Shi ya sa sau da yawa ake bi ta jijiyar cinya a zura ɗan bututun raga ya buɗe wurin. Shi ma yana iya sake tsukewa, dole a ci gaba da dubawa.

Ko tayirod ɗinsa ma, ɗan ƙullin gaban wuya mai daidaita kuzari da ɗumin jiki, sai jiya aka auna, alhali a hanyar gashin take. Shekara biyu yana kukan kasala da jin sanyi muna cewa ya ƙara hutawa.