Kuɗin cizo da kuɗin haya

Kun dai san katifar nan ta hannu da na sayo jika 15, ina ta cika baki wai na yi arha. Ashe da 'yan hayarta na sayo ta. Kwana uku kacal bayana ya yi rudu-rudu, cizo uku-uku a jere kamar an ja igiya. Na ɗaga bakin ɗinkin, ga kuɗin cizo nan sun sha sun yi jajir. Na murtsuke ɗaya, warin har yau yana hancina.

Ranar Asabar na shanya ta a ƙofar gida, tunda zafi ne maganinsu, ranar Yamai kuwa a Afrilu haura 40 take yi. Na zauna a fada ina zuba, na ba titi baya.

"Wallahi mai shan jinin nan ya ishe ni. Ba ya noma, ba ya kasuwa, yana kwance a gida jinina kawai yake jira. Kun ga cikinsa kuwa? Kamar tulu! Yau ɗin nan sai na tafasa ruwa na sheƙa masa."

Fada ta yi tsit. Mai shayi ya ɗaga buta sama, ya manta da zubawa. Ni kuma na ɗauka labarin ne ya yi daɗi, har na ƙara da cewa ko a unguwarmu Bukoki kaf babu mugu irinsa. Sai na ji gyaran murya a ƙeyata.

Alhaji mai gidanmu ne. Kun san Alhaji, kun san tumbinsa.

"Yaro, ruwan ya tafasa ne, ko in jira?"

Na miƙe, na durƙusa, na sake miƙewa, takalmi ɗaya a ƙafa. "Baba Alhaji, wallahi ba da kai nake ba, kuɗin cizo ne..."

"Na sani, kuɗi akwai cizo. Wata biyu ne, jika 60."

Amma ni ba Alhaji ne ya ƙona mini rai ba, ɗan jami'ar nan namu ne. Shi ke fuskantar titi, tun daga kwana ya hango shi, ko ƙifta ido bai yi mini ba. Da ya tashi cetona kuma sai ya ce, "Ai Baba Alhaji, da gaskiyarsa, kuɗin cizo yana iya yin watanni bai ci komai ba, yana laɓe yana jira." Alhaji ya ce, "Kamar ni ke nan." Bai daddara ba, ya shiga karatu: macen sauro ce kaɗai ke cizo don ƙwanta, jemagu masu shan jini sai can Kudancin Amurka da kewayenta, a 2023 har Faransa kuɗin cizo ya hana barci. Wa ya tambaye ka? Mutumin da shekara biyu yana shan shayinmu, na ɗaya, na biyu, na uku, bai taɓa sayen sukarin dala biyar ba. Matsattsaku! In ya liƙe wa kujera ko ƙaska sai ta sara masa.

Na biya wata ɗaya dai. Kafin la'asar wani ya ɗauke katifar, Allah ya ba shi haƙuri. Yanzu a tabarma nake kwana a tsakar gida, sauro ya karɓi aiki. Alhaji kuwa duk sanda zai zo sai ya aiko jikansa, wai a ɗora ruwa ga shi nan tafe.