Ɗan jam'iyya na unguwa: a neme shi ranar zaɓe, a manta da shi ranar rabon tikiti

Idan aka zauna lissafin waɗanda suka kawo nasara a zaɓe, sunayen da ake ambata ba su wuce na ɗan takara da ubangidansa da mai kuɗin da ya ɗauki nauyin kamfe ba, sai ko sojojin baka da suka cika gidajen rediyo. Ba a cika tuna mutumin da ya san ƙofar gidan kowa a layinsu ba. Shi ya san tsohuwar da ba za ta iya zuwa rumfar zaɓe ba sai an ɗauko ta a adaidaita sahu, ya san samarin da suka cika shekara 18 bana ba su yi rajista ba, ya kuma san gidan da aka yi fushi da jam'iyya tun ranar da kansila ya ƙi zuwa ta'aziyya. A ganina a kan wannan mutumin jam'iyya take tsaye, kuma mai da shi ɗan ƙodagon yini ɗaya da jam'iyyunmu suka yi yana cikin manyan abubuwan da suka ɓata mana siyasa.

A duba girman aikin tukuna. Hukumar zaɓe ta INEC tana da rumfuna 176,846 a mazaɓu 8,809 na ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484 da rumfuna sama da 11,000. Jam'iyyar da take son ta ga ejan ɗinta a kowace akwati tana buƙatar mutum fiye da 176,000 a rana ɗaya, kowanne ɗan wurin, wanda ya san fuskokin masu bin layi. Ana iya ɗaukar hayar mutane masu wannan yawa idan akwai kuɗi. Matsalar ɗan haya ita ce wanda ya fi ka tayi yana iya ɗauke shi kafin la'asar.

Aikin ma ba ranar zaɓe yake farawa ba. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, kimanin miliyan 87 suka karɓi katinsu, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999. Akwai dalilai da yawa, har da ƙarancin takardun naira na lokacin da tsoron rikici da yanke ƙauna. To amma fosta ba ta taɓa fito da wanda ya yanke ƙauna daga ɗaki ba. Maƙwabci ne yake yin sallama ya ce, "Malam, ka karɓo katin nan kuwa? Gobe da safe zan biya mu tafi tare." A wajen mata abin ya fi haka. Gidajen da aka rubuta "ba shiga" a zaurensu, ɗan takara ko nawa ya kashe ba zai wuce soro ba. Shugabar mata ta mazaɓa ce take shiga har tsakar gida, ta zauna a kan tabarma ana tankaɗe ana hira, ta nuna wa uwargida alamar jam'iyya a jikin takarda da inda za ta dangwala, ta gaya mata kada ta bari tawada ta taɓa wani gurbin. Ita ce kuma za ta je suna, ta je biki, ta kai gudummawa daga aljihunta, duk da sunan jam'iyyar da shugabanninta na jiha ba su san sunanta ba.

Ranar zaɓen kuwa, 'yan siyasar Arewa sun daɗe da taƙaita aikin da cewa a kasa, a tsare, a raka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ba kowace jam'iyya damar tsayar da wakili a kowace rumfa, a miƙa wa INEC sunansa da hotonsa mako biyu kafin ranar. Shi ne yake tsayawa tun kafin a buɗe akwati a nuna wa jama'a babu komai a ciki, ya lura da tantancewa da na'urar BVAS, ya ƙirga ƙuri'u tare da malamin zaɓe, sau da yawa da fitilar waya bayan magariba, ya sa hannu a takardar sakamako ta EC8A ya karɓi kwafinsa, sannan ya bi akwatin har cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.

Kanawa sun ga amfanin wannan da idonsu har sau biyu. A zaɓen gwamna na 2019 hatsaniyar da aka yi wajen tattara sakamakon ƙaramar hukumar Nassarawa ta sa sunan mazaɓar Gama ya shiga bakin duniya, aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna, a ƙarshe tazarar da ta raba Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba cikin sama da miliyan biyu. A 2023 kuma kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'u 165,663 daga na Abba bisa hujjar cewa babu hatimi da sa hannun malamin zaɓe a jikinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su a ranar 12 ga Janairun 2024. Ko wane ɓangare mutum yake, darasin ɗaya ne. Buga hatimi a bayan ƙuri'a abu ne da ake yi a kan ɗan teburi a ƙofar makarantar firamare, kuma babu babban lauyan da zai gan shi. Wanda yake tsaye a gefen teburin ne kaɗai zai iya cewa, "Malam, wannan ba ka buga mata ba." Haka kuma kotuna sun sha watsi da ƙorafin maguɗi saboda mai ƙara bai kawo shaidar wanda ya tsaya a rumfar ba.

Siyasar Arewa ba da ɗan haya ta fara ba. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ba ta da taskar gwamnati, ba ta da fada. Teloli ne da 'yan koli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure suka ɗauke ta, suna yankar kati da kuɗinsu, suna kai saƙonta kasuwannin ƙauye, suna shan ɗauri a kotunan En'e. Hajiya Gambo Sawaba daga aikin tara mata a Sabon Garin Zariya ta fara, kuma ta shiga kurkuku sau da yawa a kan haka. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin sama, babu ɗayansu da ya kai majalisar Kaduna. Wannan jarin mutanen ne Malam Aminu Kano ya gada ya shiga da shi PRP, har ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi da na Kaduna da Balarabe Musa a 1979. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibu ba, don tun a lokacin akwai 'yan sara da sanda a siyasa, kuma PRP ɗin ba ta daɗe ba ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Abin da ya bambanta shi ne ɗan jam'iyya na unguwa yana jin jam'iyyar tasa ce, domin sisinsa yana ciki.

Yau an juya abin. Jam'iyya ta mai kuɗi ce, shi yake biyan hayar ofishin mazaɓa, shi yake sayen kujerun roba, shi yake rubuta sunayen shugabanni. Ana sanar da ranar zaɓen shugabannin mazaɓa, mutane su taru tun hantsi su yi ta jiran kwamitin da ba zai zo ba, da daddare sai a ji a rediyo an yi maslaha. An rubuta jerin sunayen a wani otal ko a gidan gwamnati. Rikicin da ya raba APC ta Kano gida biyu a 2021, ɓangaren Ganduje da na Malam Ibrahim Shekarau, daga zaɓen shugabannin mazaɓu ya taso, kuma sai da ya kai Kotun Ƙoli a 2022.

Abin dariya a nan shi ne tsarin mulkin jam'iyyun ya ba mazaɓa ƙarfi sosai, amma ba a tunawa da shi sai manya suna son yi wa junansu yankan baya. Dakatarwar da shugabannin mazaɓarsa a jihar Edo suka yi wa Adams Oshiomhole ce ta zama sanadin rasa kujerarsa ta shugaban APC na ƙasa a 2020. Haka aka yi wa Iyorchia Ayu, shugaban PDP na ƙasa a lokacin, daga mazaɓarsa a Gboko a 2023. A 2024 an gwada irin wannan a kan Ganduje, lokacin yana shugaban APC na ƙasa, daga mazaɓarsa a Dawakin Tofa, jam'iyyar ta ce waɗanda suka yi ba halastattun shugabanni ba ne. Mutanen da ba a tambayarsu wa suke so ya zama kansilansu, rana ɗaya sai a kai su gaban kyamara suna karanta takardar tsige shugaban jam'iyya na ƙasa da Turancin da ba su suka rubuta ba.

Wajen fitar da ɗan takara ne zaluncin ya fi fitowa fili. A 2022 daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ne ya je babban taron PDP, Atiku Abubakar ya samu tikiti da ƙuri'a 371. A APC, inda fom ɗin takarar shugaban ƙasa ya kai naira miliyan 100, daliget uku-uku aka tura, Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a 1,271. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma waɗanda suka zaɓa mata 'yan takara ba su cika filin ƙwallon unguwa ba. Dubban ɗaruruwan da za su sha rana a bakin akwati babu wanda ya ji ta bakinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan uwanmu na zango a Ghana sun san wani tsarin daban. Jam'iyyar NPP tana da zaɓaɓɓun shugabanni a kowace rumfar zaɓe, da ciyaman da sakatare da masu tara mata da matasa, kuma suna da ƙuri'a wajen fitar da ɗan majalisa da ɗan takarar shugaban ƙasa. A Nuwamban 2023 kimanin daliget 200,000 ne suke da damar kaɗa ƙuri'a a zaɓen da ya ba Mahamudu Bawumia tikiti. Can ma kuɗi yana yawo, kuma 'yan Ghana suna kuka da hakan. Sai dai sayen mutum 200,000 da suke warwatse a ƙasa ba ɗaya ba ne da sayen mutum 800 da aka tara a otal-otal na Abuja, kuma ɗan majalisar da ya san ciyaman ɗin rumfa yana da ƙuri'a a kansa dole ya ɗaga wayarsa.

Wani zai ce ai mun gwada 'yar tinƙe, ƙato bayan ƙato, ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Gaskiya ne. A 2018 APC ta sanar da cewa Muhammadu Buhari, wanda ba shi da abokin karawa, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 14.8 a zaɓen fitar da gwani, alhali a babban zaɓen 2019 da aka buɗe wa kowa miliyan 15 da 'yan kai ya samu. Lissafi irin wannan ba a layi ake ƙirga shi ba. Amma abin da hakan ya nuna shi ne babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyyu su ajiye rajista su miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen fitar da gwani. Rajistar da za a yarda da ita kuwa sai wadda sakataren mazaɓa ya rubuta, aka liƙa a bangon ofis kowa ya duba sunansa da na maƙwabcinsa, kuma kowane mai suna a ciki yana biyan kuɗin kati, ko naira ɗari ne a wata. Wanda yake biya yana da bakin tambaya.

Shi ma ɗan unguwar yana da nasa laifin, kada a ce na wanke shi tas. Akwai waɗanda suka mai da ƙofar gidan ɗan majalisa wajen aiki, daga asuba har dare ana jiran na cefane. Akwai ejan da yake karɓar kuɗin abokin hamayya ya ce zai je salla, ba a sake ganinsa ba sai an gama ƙirga. Akwai kuma wanda ya zama dillalin taliya da sabulu da atamfa, yana cire kasonsa kafin ya raba. Talauci yana da hannu a ciki, shi ya sa ban ga laifin ba ejan kuɗin abinci da na mota ba, don ba a ce mutum ya yini a tsaye da yunwa saboda aƙida ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce dubu biyar ko goma ta ranar zaɓe ita ce duk alaƙar da ke tsakaninsa da jam'iyya. Daga nan zuwa jagaliya taku kaɗan ne, kuma Kano da Gombe da Bauchi sun san abin da 'yan jagaliya da kalare da sara-suka suka jawo musu.

Tsakanin zaɓe da zaɓe ne ya kamata a fi jin amfaninsa, ya zama shi ke kai kukan taransifoma da ta ƙone da rijiyar burtsatsen da ta lalace da asibitin sha-ka-tafi da babu ma'aikaci. Amma kansilan da zai kai wa kukan ba unguwa ce ta zaɓe shi ba. Hukumomin zaɓe na jihohi sun saba ba jam'iyya mai mulki komai: APC ta kwashe ƙananan hukumomi 44 na Kano a 2021, NNPP ta kwashe su duka a 2024. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma bai canja wanda yake zaɓar ciyaman da kansila ba.

Saboda haka matashin da aka zo wa da tayin zama ejan ko sakataren akwati, kafin ya tambayi nawa za a ba shi, ya tambayi inda rajistar mazaɓarsu take, ya nemi a nuna masa sunansa a ciki, ya kuma tambayi ranar da aka yi zaɓen ciyaman ɗin mazaɓa mai ci da wurin da aka yi layin.