Ofis Mai Faɗi Bayan An Sallami Ma'aikata

A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000, ya kuma sanar da sallamar wasu 10,000 a Maris na 2023. A Satumban 2023 ya biya fam miliyan 149 don a sake shi daga hayar wani gini a Landan, 1 Triton Square, wanda ko tarewa bai taɓa yi a ciki ba. Abin akwai ciwo: mutane na neman abin biyan hayar gida, kamfaninsu na biyan kuɗin ginin da babu kowa.

Duk da haka, ni ban ɗora wa faɗin ofis laifi ba. Laifin na faɗin da ba ya raguwa ne.

Ma'aikaci ana sallamarsa cikin 'yan makonni, amma hayar babban ofis shekara 10 ce zuwa 20. Ko an rage mutane, kuɗin haya, gadi, shara, inshora da gyaran lif suna nan daram. Na'urar sanyaya gini ta tsakiya kuwa ba ta san benen da ya zama kango ba, in ba a raba ta shiyya-shiyya tun farko ba. Haka za ta yi ta shan wuta. Ranar fita ma sai ka cire bangayen da ka kafa, ka mayar wa mai gini kayansa yadda ya ba ka.

Shi ya sa masu cewa "a saki ofis a bar ma'aikata" suke ba ni tausayi. Niyyarsu mai kyau ce, sai dai kuɗin ya riga ya ɗauru, kuma a irin waɗannan kamfanoni albashi ya ninka haya nesa ba kusa ba. Amazon ya tsira da wani abu ne don bai fara gina kashi na biyu na sabuwar hedikwatarsa ta Arlington a Amurka ba lokacin da ya dakatar da aikin a Maris na 2023.

Kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya, a ƙirga masu shigowa da katin ƙofa na tsawon mako 8 zuwa 12, a yi lissafi da ranar da ta fi cika, yawanci tsakanin Talata da Alhamis. Misali, kana da mutum 500, ka ware wa kowa murabba'in mita 10, ka kama 5,000. Ka sallami 150, kuma cikin 350 da suka rage kashi 70 ne ke zuwa ranar cikowa: kujera 245 ke nan. Rabin ginin ya zama nauyi.

Rabin nan zai bayu haya ne kawai idan kowane bene yana da ƙofarsa, mitar wutarsa, banɗakinsa da hanyar fita in gobara ta tashi. Babban zaure mai rufin gilashi da matakala a tsakiya yana burge baƙo, amma ba ya yankuwa. A kuma tabbata yarjejeniya ta ba da damar fita a shekara ta 5, da izinin saka ɗan haya.

Matse waɗanda suka rage ma kuskure ne. Su ke ɗauke da aikin waɗanda suka tafi, suna buƙatar hasken rana, iska da ƙananan ɗakunan da mutum zai amsa waya ba a ji shi ba. A rufe bene biyu gaba ɗaya, a kashe musu sanyi da fitilu, a bar wa mutane sarari a sauran.