Fasto John Flynn da mutumin da likita bai riska ba

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Ku ara mini hankalinku, akwai labarin da ya hana ni sakat.

A shekarar 1917, can arewa maso yammacin Ostareliya, doki ya kayar da wani makiyayin shanu mai suna Jimmy Darcy, ya ji mummunan rauni a ciki. Aka ɗora shi a keken doki, aka yi ta ratsa daji har awa 12 kafin a kai wani ɗan gari mai suna Halls Creek. Ba likita, ba asibiti. Wanda ya ɗan san taimakon gaggawa shi ne Tuckett, mai kula da gidan waya. Ya buga tangaraho zuwa birnin Perth, wani likita mai suna Holland ya ji bayani, ya ce mafitsara ce ta fashe, in ba a yi aiki ba mutumin ba zai kai labari ba. To wa zai yi? Likita ya ce ai kai ne. Ku duba da idon zuci: mara lafiya kwance a kan kantar gidan waya, ma'aikaci riƙe da 'yar wuƙar aljihu da reza, waya na ƙwanƙwasa masa inda zai yanka da inda zai ɗinke.

An yi aikin, amma jiki ya ƙi daɗi. Holland ya shiga jirgin ruwan dakon shanu, ya sauka ya hau mota, motar ta gaza, ya ƙarasa da keken doki. Kusan mako biyu yana kan hanya. Da ya iso aka ce masa jiya Darcy ya cika.

Jaridu sun buga, jama'a sun yi jimami. Amma akwai wanda abin ya tsaya wa a rai, Rabaran John Flynn na Ikilisiyar Presbyterian. An haife shi a 1880 a Moliagul ta jihar Victoria, ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara biyu, ya ɗan taɓa koyarwa, aka naɗa shi fasto a 1911. Shekara guda bayan haka ya rubuta wa ikilisiyarsa rahoton halin da mazauna tsakiyar ƙasar ke ciki, aka kafa mishan domin mutanen tsakiyar ƙasar mai suna Australian Inland Mission aka ba shi ragama. Ya buɗe ƙananan asibitoci da nas-nas, ya aika fastoci kewaya, wasu a kan raƙuma. Duk da haka ya ga nisa na cin mutane.

A wannan shekara ta 1917 wani saurayi ɗalibin likitanci da ya shiga aikin tuƙin jirgin yaƙi, Clifford Peel, ya rubuto masa cewa jirgin sama zai iya kai likita daji. Peel bai ga amfanin wasiƙarsa ba, ya rasu a Faransa a 1918. Flynn ya riƙe maganar shekara 11. Shi ba likita ba, ba matuƙi ba, ba injiniya ba. Rubutu ya yi ta yi, yana roƙo, yana ƙwanƙwasa ƙofofi, har wani attajiri, H. V. McKay, ya bar wasiyyar fam 2,000 domin wannan aiki. A watan Mayu 1928 jirgin da aka yi haya daga kamfanin jiragen sama na Qantas ya tashi daga garin Cloncurry da likita a ciki. A shekarar farko an tashi sau 50, an duba mutum 225.

Sai dai jirgi ba ya jin kukan wanda ba shi da hanyar kira. Nan ne wani injiniya, Alfred Traeger, ya shigo da rediyon da ake ba wuta da feda kamar keke, a 1929. Matar aure a ƙuryar daji za ta zauna tana murza ƙafa, hannu na buga saƙo, likita ya ji.

Abin da ya sa na kawo muku wannan, ina jin tsoron mun mai da "Allah ya sawwaƙe" wurin ɓuya. Kalma ce mai kyau, addu'a ce. Amma Yakubu ya tambaye mu a sura ta 2, in ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci, ka sallame shi da fatan alheri hannu wofi, me ka ƙara masa? Firist da Balawen nan na hanyar Yariko ma ai sun ga mutumin, ba makafi ba ne.

Da kaina nake farawa. Na je jana'izar wata 'yar'uwa da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, aka yi ta neman abin hawa, ta cika a hanya. Na yi wa mijin gaisuwa, na yi addu'a da hawaye na gaske, na koma gida. Ban taɓa tambayar wa ke da mota a unguwar ba, ko wa zai zuba mai in dare ya sake yi. Yau shekaru ke nan, hanyar na nan yadda take.

Ba na ce Flynn waliyyi ne marar aibi ba. Tun yana raye wani likita, Charles Duguid, ya soki mishan ɗinsa da cewa ta fi kula da Turawa 'yan kama-wuri-zauna, ta bar 'yan asalin ƙasar a baya. Wannan ma gargaɗi ne gare mu, mu duba wa muke tsallakewa in muna rabon alheri. Flynn ya rasu a 1951, an binne tokarsa kusa da garin Alice Springs, hotonsa na kan takardar dala 20 ta ƙasar, jiragen kai likita da ya assasa kuwa, waɗanda yanzu ake kira Royal Flying Doctor Service, har gobe suna tashi.

Ni dai ranar Lahadi, in Ubangiji ya kai mu, zan kai maganar gaban dattawan ikilisiyarmu: a samu masu mota uku da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, a liƙa lambobinsu a ƙofar coci, a buɗe asusun mai. Wanda ya taɓa yin irin wannan a garinsu, don Allah ya faɗa mini yadda suka tsara shi.