Kaluluwar wuya da ba ta ciwo

Jama'ar Kano, akwai kaluluwar da ke fitowa a wuyan babban mutum, ba ta ciwo, kuma ba ta tafiya. Mu nan sai a ce sanyi ne, a sayo magani a kyamis, in ta ƙi a kira wanzami ya tsaga. Abin yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa da ita sankarar bayan hanci take fara nuna kanta.

Ciwon yana tsirowa ne can bayan hanci, sama da beli, inda ido ba ya kaiwa. Ya fi yawa a kudancin Sin da Arewacin Afirka, amma mu ma muna da shi. Yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suke ɗauke da ita, yawancinsu lafiya lau.

Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana ɗauke da umarnin gado, wani a kunne, wani a kashe. Ƙwayar cutar Epstein-Barr ɗin nan tana samar da wani furotin, LMP1, wanda ke sa a liƙa wa umarnin E-cadherin wani sinadari har ya daina aiki. E-cadherin kuwa shi ne simintin da ke riƙe ƙwayoyin halittar jikinmu da juna, kamar bulo da bulo. Umarnin yana nan, ba a goge shi ba, an dai toshe shi. Shi LMP1 ɗin ne kuma yake kunna MMP9, mai narkar da naman da ke kewaye. Sai ƙwayoyin sankarar su saki juna, su bi magudanar ruwan jiki su sauka a wuya, daga baya su kai ƙashi ko huhu ko hanta. Ke nan ranar da ka shafa ka ji kaluluwar, ciwon ya riga ya fara tafiya. Askar wanzami ba za ta kai inda ya tsiro ba.

Ba kowace kaluluwa ce sankara ba, tarin fuka ma yana kawo ta, shi ma likita yake buƙata. Amma in ta yi makonni, ga kunne ɗaya a toshe, ga haɓo jefi-jefi ko majina da jini, don Allah a je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala. Za su leƙa da ƙaramar kyamara, su ɗebi ɗan nama a gwada. Wannan sankara tana jin magani sosai in aka gasa ta da na'urar haske mai kashe ƙwayoyin sankara, musamman in ba ta wuce wuya ba.