Gidanku Bai Faɗi Ba, Me Ya Kai Sunanka Cikin Takardar?

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina samarin Maradi. Yau ba da daɗin rai na ɗauki waya ba, ku yi haƙuri da abin da za ku ji.

Bayan ruwan makon jiya, masu ƙidaya sun shigo unguwarmu rubuta sunayen waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Ina tsaye wani matashi da na san gidansu ciki da waje, ginin siminti da rufin kwano, ko ɗigo ba ya yi, ya ja su zuwa wani kango da ya shekara da shekaru ba kowa a ciki, ya ce nan yake zaune da mata da 'ya'ya. Yaron nan ko baiko ba a yi masa ba. Aka rubuta. Da dare ya zo fada, majalisar samari, yana ba da labari, ana zuba masa shayi ana tafawa, wai ya iya wayo. A layin nan kuwa akwai wata baiwar Allah mai marayu, ɗakinta guda ɗaya tak ya rushe, tana can tana tonon tukwanenta cikin laka, ba ta ma san an zo an wuce ba.

Wannan ne wayo? Wallahi sata ce, kuma satar da ta fi ta ɓarawon dare muni, don shi ɓarawo gidan mai abu yake shiga.

Na san amsar da ke bakinku: “Kayan gwamnati ne, ba na uban kowa ba.” “Rabona ne ya tsaga.” “In ban karɓa ba wani zai karɓa.” To ku saurara. Kayan nan a ƙidaye suke zuwa. Ko daga gwamnati, ko daga ƙungiyoyin agaji, ana turo wa unguwa adadi ne: tamfol kaza, tabarmi kaza, barguna, gidan sauro, bokiti, tukunya, buhun hatsi ko shinkafa, wani lokaci da 'yan kuɗin da za a sake tada ɗaki. Ba goron suna ba ne da za a ce a miƙa wa duk wanda ya zo. Sunan ƙarya guda in ya shiga, sunan gaskiya guda ya fita. Tamfol ɗin da ka karɓa ka kai kasuwa ka sayar da 'yan jikkuna, rufin wani jariri ne ka yaye. Ka sayi me da kuɗin? Kuɗin intanet, shisha, cacar ƙwallo a waya. Wasu ma tramol. Ita wannan ƙwayar rana daban za mu yi maganarta, don ta cinye mana samari fiye da yadda muke son faɗa.

Har mun manta 2024? Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta, ruwa ya sauka a garin nan kimanin milimita 150 cikin abin da bai kai awa biyu ba. Mutum 15 hukuma ta sanar sun rasu. A daminar shekarar kaɗai, kusan mutum 400 suka riga mu gidan gaskiya a faɗin Nijar, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma jihar Maradi ce ta fi kowace yawan mamata. A Damagaram har tsohon masallacin da ya haura shekara ɗari da hamsin ya zube. Aka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28, saboda azuzuwa cike suke da iyalan da ba su da wurin kwana. Mun ga dattijo mai mata biyu, mai mutunci a unguwa, yana kwana a aji ɗaya da surukansa, zane ne kawai aka rataya tsakani. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wace zuciya zai je ya tsaya layin da ba nasa ba?

Kuma dabarun sun yi yawa, har kunyar lissafa su nake ji. Gida ɗaya a raba shi gida huɗu a takarda, kowane saurayi ya zama magidanci. Wani ya tsaya jikin rusasshen bangon maƙwabci a ɗauke shi hoto. Wani katangar bayan gida ce ta tsage, sai ya ce ɗaki uku. Wani ya rubuta suna a unguwarsu, ya hau kabu-kabu ya je wata unguwar ya sake rubutawa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai gidan haya. Shi yana can cikin gidansa mai kyau, ɗan haya ne ruwa ya ci wa gado da hatsi da takardun yara, amma ranar ƙidaya shi zai riga kowa zuwa da takardar fili a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan hayan nan sau da yawa baƙo ne, ɗan ƙauye da ya zo neman abinci, bai san kowa ba, ba ya son rigima da mai gida, sai ya yi shiru ya kwashi iyalinsa ya nufi lakwal.

Su waye kuma suke rasa shiga? Masu kunya. Tsohuwar da ba ta iya turereniya. Matar da ke takaba, ba ta fita. Magidancin da bai taɓa miƙa hannu ba a rayuwarsa, yana ganin in ya tsaya layi mutuncinsa ya zube. Irin su ne Allah Ya ba mu labari a Suratul Baƙara, waɗanda wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Ku da kuke da ƙafa da baki da waya, ku ya kamata ku kai masu ƙidaya ƙofarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙon da ya zo da takarda bai san wa ke da gaskiya ba. Amanar da ya ba ku kenan da ya ce ku nuna masa, kuka ci. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ko kuna zaton mudu da sikeli kaɗai hadisin ya shafa?

Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In masu agaji suka gano ƙarya a takarda, sai a tsai da rabo a sake bincike gida-gida, mako ya zama wata, mai gaskiya na kwana a waje sauro na cin 'ya'yansa, a daidai lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. In kuma suka ga tamfol ɗinsu a kasuwa, baɗi sai su yi mana kallon maƙaryata gaba ɗaya. Ku tuna ba mu kaɗai ke jiran kayan nan ba. Tun 2019 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Talakawan ƙauyukan iyaka ne suka fara buɗe musu ɗakuna tun kafin wata mota ta iso. Su da ba su da komai suka ba da, mu 'yan birni masu boko muna ƙwace.

Ku kuma masu zuwa da buhu ɗaya da waya biyar, ku saka tsohuwa ta riƙe sabulu kuna ɗaukarta don TikTok, ku ji tsoron Allah. Ruwa ya tona mata asiri sau ɗaya, kada ku ƙara.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ramin mugunta kuma a gina shi gajere, domin ruwa bai san gidan wa ba. Shara mu ke zuba ta a magudana, fili mu ke sayensa a kan hanyar ruwa don araha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya san sunansa ya shiga ba da hakki ba, ya nemi hanyar da zai mai da kayan ga masu shi. Iyaye su tambayi 'ya'yansu inda buhu ya fito. 'Yan fada su daina tafa wa mai irin wannan hali.

Garin nan da kuke gani a kan tudu, ambaliya ce ta hawo da shi. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin fadama, kakanninmu suka taso suka sake kafa unguwanni. Da gayya aka san mutanen da: wannan ya kwaɓa ƙasa, wancan ya buga tubali, mata su kawo fura, ɗaki ya tashi ba a biya kowa ba. Mu da kanmu mun tarar ana yaɓe kafin ruwan fari, kuma da gidan gajiyayyu ake farawa. Zamanin shugaba Seyni Kountché samariya, ƙungiyar matasa, ce ke gina azuzuwa da share gari, saurayi yana alfahari da guminsa. A lokacin in aka ce an ga ɗanka a layin sadaka alhali kuna da abinci, uba ba ya iya fita masallaci don kunya. Yau uban ne zai ce, “Kai ba ka je an rubuta ka ba? Sakarai!” Ina za mu kai wannan?

Kowane gida na da zaure a da, inda ake sauke baƙo da wanda dare ya yi wa, ba a tambayarsa ranar tafiya. Yanzu an fasa wa zaurukan ƙofa ta waje an mai da su shaguna. Mai ɗakin da ke zaune ba kowa ya gwammace ya sa masa kwaɗo da ya ara wa maƙwabcinsa wata biyu. Wasu ma da suka ga gidaje sun faɗi, mutane na neman wurin fakewa ido rufe, sai suka ƙara kuɗin haya, kuma suka ce sai an biya na wata shida a dunƙule. Mutumin da ko tabarma bai fita da ita ba, a ina zai samo?